Mene ne "temuwan" a gwajin ELISA?

Duk ɗalibin da ya taɓa zaman koyon aiki a labo a nan Damagaram ya ji ana cewa "temuwan". Kalmar Faransanci ce, ma'anarta shaida, kuma aikinta ke nan: ita ke tabbatar da cewa launin da ya fito a gwajin ELISA, wato gwajin da ake neman alamar cuta a jini da shi, gaskiya ya faɗa.

Antikor furotin ne da jiki ke ƙerawa don kare kansa, kowanne da abin da yake kamawa. Sai dai ko ya kama, ido ba ya gani. Shi ya sa ake ɗaura masa anzim, wani furotin mai sauya launin ruwan magani. Eva Engvall da Peter Perlmann ne suka fito da wannan dabara a Stockholm ta ƙasar Suwidin a 1971, aka kira ta ELISA. Ana yin ta a faranti mai ramuka 96, ana wanke ramukan don antikor ɗin da bai kama komai ba ya fita. Anzim ɗin da aka fi amfani da shi sunansa HRP: in ya haɗu da wani ruwan magani mai suna TMB sai ramin ya yi shuɗi, a ɗiga asid ya koma ɗorawa, na'ura ta auna kaurin launin a nanomita 450, wato awon hasken da take aiki da shi.

To, launi yakan yi ƙarya. Antikor na iya manne wa robar farantin, ko ya maƙale da wutsiyarsa a inda ba a aike shi ba, ko kuwa wanki bai fita ba. Marini ya san wannan: zane yakan ɗauki baba a wurin da ba a so in ɗaurin bai yi ƙarfi ba. Don haka ake kawo wani antikor, ɗan gida ɗaya da na aikin, a ce gidan antikor da ake kira IgG1 na ɓera, da anzim iri ɗaya, da awo iri ɗaya. Bambancinsu guda ne tak: shi wannan temuwan bai san abin da ake nema ba. In raminsa ya zauna fari, madalla. In ya yi launi, to launin sauran ramukan ma abin tuhuma ne.

Akwai kuma temuwan da aka riga aka san dole ya yi launi. Wannan ne ya fi damuna a ƙasarmu. Kayan gwajin nan sanyin digiri 2 zuwa 8 suke so, mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura 40, ga ɗaukewar wuta. Anzim in ya mutu, duk farantin fari zai zauna, mai cuta ya fito kamar lafiyayye, kuma ba abin da zai tona asirin sai wannan rami.

Na san kayan da tsada, na san abin da ke sa wani ya so cika ramukan duka da jinin da aka kawo. Amma jinin da ake shirin ƙara wa mai haihuwa fa ake tantancewa a wasu farantan. A bar wa shaidu ramukansu, a kuma fara duba su kafin a karanta na kowa.