Sauyin Ƙwayoyin Gado a Jikin Bakteriya

Sauyin ƙwayoyin gado canji ne da ke samun jerin DNA na bakteriya, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadonta, ya kuma bi zuri'arta. Bakteriya rabewa biyu take yi, kuma kafin ta rabe sai ta kwafe DNA ɗinta kaf. A wajen kwafin nan ne sauyi ya fi aukuwa.

DNA ɗin E. coli, wata bakteriya da ke zama a hanji, na da ƙananan sassa da ake kira haruffa kimanin miliyan 4.6, duka daga nau'i huɗu: A, T, G da C. Furotin ɗin da ke kwafin yakan sa harafin da bai dace ba jefi-jefi, amma yana komawa baya ya cire shi nan take. Abin da ya kuɓuce masa, wasu furotin irin su MutS da MutL ne ke bin sawu su gyara. Shi ya sa kuskuren da ke tsira bai wuce kusan ɗaya a rabuwa dubu ba. Sai dai halittar da ke iya ninkuwa duk minti 20 ba ta jimawa take kai biliyoyi, nan ƙalilan ya zama da yawa.

Akwai kuma lahanin da ke zuwa daga waje. Hasken ultrabayolet yakan manne haruffan T biyu maƙwabtan juna, kwafi ya cije. Idan ɓarnar ta yi yawa, bakteriya kan tada tsarin gaggawa mai suna SOS, wanda ke ƙarasa kwafin ko da kurakurai.

Shin barazana ce ke sa bakteriya ta sauya, ko sauyin kan riga barazanar zuwa? A 1943, a Amurka, masana kimiyya Salvador Luria da Max Delbrück suka raini E. coli a ƙananan kwalabe daban-daban, sannan suka haɗa kowace da bairas mai kashe ta. Da bairas ɗin ne ke haifar da juriya, da adadin waɗanda suka tsira ya zo kusan ɗaya. Ba haka aka gani ba: wasu kwalaben babu ko ɗaya, wasu kuwa ɗaruruwa, domin a cikinsu sauyin ya faru tun da wuri, ya yaɗu a zuri'a. Gwaji ne mai sauƙi ƙwarai, amma ya warware gardamar.

Haka abin yake da magani. Canjin harafi ɗaya a ƙwayar gadon rpoB ya isa ya sa ƙwayar tarin fuka ta bijire wa maganin rifamfisin; maganin ya kashe sauran, ita ta samu fili. Saboda haka ne ake fara jinyar tarin fuka da magunguna huɗu a tare, don da wuya ƙwaya ɗaya ta riga ta sami kariya daga dukansu.