Mece Ce Ƙungiyar Badujala ta Jami'a?

Abin da Amurkawa ke kira marching band ƙungiya ce ta ɗalibai masu busa da masu kiɗa waɗanda ke yin kiɗansu suna tafiya cikin sahu, suna sauya tsayuwa a fili har jikkunansu su zana harafi ko kalma ko hoto wanda mai kallo daga saman benci zai iya karantawa. Wanda ya taɓa ganin badujalar 'yan sanda ko ta soja a filin fareti ranar bikin 'yancin kai ya riga ya san tushen abin. Sai dai ta jami'o'in Amurka ta yi nisa da wannan tushe, domin mambobinta sukan kai ɗari biyu zuwa ɗari huɗu, kuma babban dandalinta filin ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ne, wadda ake bugawa ranar Asabar a lokacin kaka. Yawancin ɗaliban da ke cikinta ba kiɗa suke karantawa ba. Akwai mai karatun injiniya, akwai mai karatun aikin gona, akwai mai shirin zama likita.

Daga bariki abin ya fito. A shekarar 1862 shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan dokar Morrill, wadda ta ba jihohi filayen gwamnati domin su kafa kwalejojin aikin gona da fasaha, da sharaɗin cewa za a koyar da dabarun soja a cikinsu. Duk inda ake horon soja kuwa ana bukatar ganga da sarewa da za su daidaita takun masu fareti. Haka ƙungiyar Jami'ar Jihar Ohio ta fara a 1878, da mutum 12 kacal. Da ƙwallo ta bunƙasa a ƙarshen ƙarni na 19, sai aka riƙa gayyatar makaɗan faretin su zo su ɗebe wa 'yan kallo kewa, suna shiga fili a sahu suna fita a sahu kamar yadda aka koya musu. A 1907 ƙungiyar Jami'ar Purdue ta karya wannan sahu ta tsaya a siffar harafin P, kuma jami'ar na alfahari da cewa ita ce ta fara yin haka. Tun daga nan horon soja ya koma hidimar nishaɗi, amma bai rasa tsananinsa ba, kuma a ganina wannan haɗuwa ita ce ta bambanta wannan al'ada da kowane irin kiɗan taro.

Filin wasan ne ma'aunin komai. Tsawonsa yadi 100 ne tsakanin layukan cin ƙwallo biyu, kuma an ja farin layi a kowane yadi 5. Saboda haka yawancin ƙungiyoyi suka tsayar da taku takwas a tsakanin layi da layi, wato kowane taku inci 22 da rabi, ko mutum dogo ne ko gajere. Da yake kiɗan maci a huɗu-huɗu ake ƙirga shi, ƙafar ɗalibi za ta sauka a kan farin layi daidai lokacin da jimlar kiɗa ta cika. Mai tsara wasa yana ba kowane ɗalibi lamba, ya nuna masa inda zai tsaya a kowane zane da yawan takun da zai yi kafin ya isa wuri na gaba. Ɗalibin da ke cikin fili ba ya ganin hoton da ake zanawa. Abin da ya sani shi ne gurbinsa, da ƙirgensa, da kafaɗar wanda ke gefensa. Idan ya yi kuskuren taku biyu, mutum dubu ɗari da ke sama sun gani kafin shi ya sani.

Kayan busar tagulla ne ke ɗauke da nauyin sauti, domin su ne ke iya cika fili babu lasifika. Mafi girma a cikinsu shi ne susafon, ƙaho mai naɗe jikin mai busa shi kamar mesa, bakinsa kuma ya buɗe a saman kai yana fuskantar gaba. An sa masa sunan John Philip Sousa, shahararren mai tsara kiɗan maci na Amurka. Sai masu ganguna manya da ƙanana, da masu faifan ƙarfe, da masu kaɗa tuta a wasu jami'o'in. A gaba akwai madugu mai sanda, wanda shi ma ɗalibi ne, ko da yake malamin da jami'a ta ɗauka aiki shi ne ainihin shugaba. Aikin shekara yana farawa a watan Agusta, kafin sauran ɗalibai su dawo hutu, da sansanin horo na kwana da kwanaki a cikin zafin rana. Idan aka shiga kakar wasa, akan yi atisaye kusan kowace yamma, domin jami'o'i da dama ba sa maimaita wasa ɗaya a gaban 'yan kallonsu na gida, alhali hutun rabin lokaci minti 20 ne gaba ɗaya, kuma wani lokaci da baƙin makaɗa ake raba shi.

Ƙungiyar Jihar Ohio, da ke birnin Columbus, ta isa misali a kan yadda al'ada ke kafuwa. Tun 1934 ta ajiye kayan busa na itace, ta tsaya a kan tagulla da ganga kaɗai. Mambobinta sun haura 200, amma ba duka ke shiga fili ba: akwai 'yan jiran gado, kuma kowane mako mai jira yana da damar ƙalubalantar mai gurbi, a gwada su biyun, wanda ya fi ya shiga. Tsohon mamba ma sai ya sake jarrabawar shiga kowace shekara. Ba a riƙe takardar kiɗa a fili, komai haddace shi ake yi. Atisayen ƙarshe da ake yi kafin wasa, wanda asalinsa bita ce kawai ta tabbatar da hadda, ya zama taro mai zaman kansa a zauren St. John, inda dubban mutane ke cika wuri, har 'yan wasa da kocinsu sukan biyo ta nan kafin su wuce fili.

Abin da ya fi fito da sunanta shi ne rubuta kalmar Ohio da jikin mutane, wanda ta fara yi a 1936 a ƙarƙashin Eugene Weigel. (Abin dariyar shi ne ƙungiyar Jami'ar Michigan, babbar abokiyar gabarsu, ita ce ta fara tsayawa a siffar wannan rubutu a filin Ohio a 1932, a matsayin gaisuwar baƙo.) Makaɗan sukan taru a dunƙule a gefe guda, sai madugu ya ja su a layi ɗaya, layin yana warwarewa yana lanƙwasa kamar alƙalami na tafiya a kan takarda. Wuri mafi wuya shi ne inda layin ke ratsa kansa, domin dole kowane mutum ya wuce ta tazarar da ke tsakanin mutum biyu masu tahowa ta wata fuska, yana busa, ba tare da ya rage taku ba. Idan haruffa huɗun sun cika, sai ya rage ɗigon da ke kan harafin i. Madugu zai tako da ƙafa sama-sama, mai susafon ɗaya yana biye da shi, ya nuna masa wurin da sandarsa. Shi kuma ya tsaya, ya cire hula, ya rusuna wa ɓangare ɗaya na 'yan kallo, ya juya ya rusuna wa ɗaya ɓangaren. Wannan girma na mai susafon da ya shekara huɗu a ƙungiyar ne, kuma akwai ɗaliban da suka zaɓi jami'ar da wannan ƙaho mai nauyi saboda waɗannan 'yan daƙiƙoƙi. Jefi-jefi akan karrama wani na waje da shi, kamar ɗan wasan golf Jack Nicklaus da ɗan sama jannati John Glenn. Mata ba su samu shiga ƙungiyar ba sai 1973, shekara guda bayan dokar tarayya da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati.

Ba kowace ƙungiya ke bin wannan salo ba. Ta Texas A&M har yau ta soja ce zalla, mambobinta 'yan horon soja ne, kuma sahu madaidaici suke yi. Ta Stanford kuwa ta yi watsi da maci, 'yan cikinta da gudu suke watsewa daga zane zuwa zane suna barkwanci. Su ne suka kutsa fili a 1982 suna zaton an tashi wasa, ɗan wasan Jami'ar Kalifoniya, abokiyar karawarsu, ya ratsa ta cikinsu ya ci ƙwallon nasara.

Salon da ya fi tasiri a idon duniya shi ne na jami'o'in baƙar fata na kudancin Amurka, waɗanda aka kafa tun zamanin da ba a yarda baƙi su shiga makarantun farare ba. A 1946 William P. Foster ya karɓi ƙungiyar Jami'ar Florida A&M, ya riƙe ta har 1998. Ya kawo takun ɗaga gwiwa sama, da maci mai tsananin sauri, da lilo da ƙahoni hagu da dama, sannan ya shigo da waƙoƙin yayi da rawa, ta yadda ɗaruruwan makaɗa za su tsaya a tsakiyar fili su taka rawa tare. Faransa ta gayyace su faretin cikar juyin juya halinta shekara 200 a Paris a 1989. A irin waɗannan jami'o'i, kamar Southern da Grambling da Jackson State, sau da yawa makaɗan sun fi 'yan ƙwallon jan jama'a, kuma bayan an tashi wasa ƙungiyoyin biyu sukan zauna a benci suna fuskantar juna, wannan ta busa waccan ta mayar, jama'a na tsaye suna yanke hukunci da shewa.

Irin wannan shaƙuwa da tsananin biyayya ga na gaba suna da nasu sharri. A wasu ƙungiyoyi tsofaffin mambobi sun mayar da cin zalin sababbi tamkar sharaɗin karɓuwa, kuma sirrin ƙungiya yana rufe shi shekara da shekaru. A watan Nuwamba na 2011, Robert Champion, ɗaya daga cikin madugan Florida A&M, ya rasu bayan dukan da abokan ƙungiyarsa suka yi masa a cikin motar safa a Orlando da sunan al'adar shiga. An dakatar da ƙungiyar, shugaban jami'ar ya ajiye aiki, an gurfanar da ɗalibai da dama a kotu, kuma ƙungiyar ba ta koma fili ba sai 2013. A 2014 Jami'ar Jihar Ohio ma ta sallami shugaban makaɗanta bayan wani bincike na jami'ar ya gano ɗabi'un batsa da suka yi kaka-gida a tsakanin mambobi, ta kuma naɗa kwamitin da ya sake duba dokokin ƙungiyar da yadda ake sa ido a kanta.