"Ai na goge" ba ya nufin abin ya tafi

Da yawa daga cikinmu ɗalibai mun ɗauka da zarar an danna goge, magana ta mutu. Ina! Kwafin da ke shafinka kaɗai ka cire.

Status na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, amma ɗaukar hoton allo ko daƙiƙa biyu ba ya ci, kuma manhajar ba ta gaya maka wanda ya ɗauka. Wata 'yar ajinmu ta caccaki malami a status cikin fushi, ta cire kafin minti goma. Washegari sai ga hoton yana yawo a rukunin aji, sunanta da lokacin ɓaro-ɓaro a sama. Wanda ya ɗauka kuwa yana cikin lambobin da ta adana da hannunta, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Ko asusun Facebook ka rufe gaba ɗaya, kamfanin da kansa ya ce share bayanan na iya kai kwana 90, saƙonnin da ka aika kuma suna nan a akwatin waɗanda ka aika wa. Ga Internet Archive ma, tun 1996 take adana shafukan intanet, kuma mai ɗaukar ma'aikata na iya leƙawa kyauta.