Gwajin Jini da Fitsari na Kansar Jijiya ta Yara

Niyurobilastoma wata irin kansa ce da ke tasowa daga ƙwayoyin jijiya da ba su gama nuna ba tun yaro na ciki, kuma galibi tana farawa ne a ɗan ƙullutun nan da ke zaune saman ƙoda wanda likitoci ke kira adirenal. Yawancin yaran da take kamawa ba su kai shekara 5 ba. Wani likitan Amurka James Homer Wright ne ya raɗa mata sunan a 1910.

Uwa za ta ga cikin yaro ya kumbura ya yi tauri, yana ramewa, ƙafa na ciwo ya ƙi tafiya, wani ma zagayen idonsa ya yi baƙi kamar an naushe shi. A nan Gombe da Bauchi sai a ce ai saifa ce ko shawara, a yi ta jiƙe-jiƙe, kafin a kai shi asibitin koyarwa na tarayya ko na Abubakar Tafawa Ɓalewa abin ya yi nisa, wannan shi ya fi ci min rai.

A jini ana duba abu uku, LDH da NSE, wato sinadarai biyu da ke fitowa daga ƙwayoyin jiki, da kuma feritin, sinadarin da ke adana ƙarfen jini. In sun hau sosai yakan nuna ƙarin babba ne ko ya bazu, in aka fara magani suka sauka to ana samun nasara, in suka sake hawa likita zai yi zargin ciwon ya dawo. A fitsari kuma ana auna HVA da VMA, ragowar sinadarin da ƙarin ke fitarwa, suna hawa a kusan yara 9 cikin 10 masu ciwon, shi ya sa ma gwajin fitsarin ya fi na jinin nuna hanya.

To amma fa a kula, lambar jini ita kaɗai ba ta cewa yaro na da kansa. Maleriya na ɗaga LDH, sikila ma haka, yaron da aka sha ƙara wa jini feritin ɗinsa dama a sama yake, kuma NSE akwai shi cikin jajayen ƙwayoyin jini, in jinin ya farfashe wajen ɗiba ko ya daɗe a kwalba kafin ya isa lab sai sakamako ya fito sama alhali ba haka bane. Dole sai an haɗa da hoton ciki, a duba ɓargo, a yanki ɗan naman ƙarin, a nan ne ake neman ƙwayar gado MYCN da in ta ninku ciwon ya fi zafi.

Japan ta taɓa auna fitsarin jarirai 'yan wata 6 a faɗin ƙasar don gano wannan kansar da wuri, ta daina a 2004 bayan bincike a Kanada da Jamus ya nuna hakan bai rage mutuwa ba, don da yawan ƙarin da ake ganowa a jarirai da kansu suke ɓacewa ba tare da magani ba.