Yadda tsokanar dandali ta koma guruf ɗin aji

Tsokana dai ba yau aka fara ta ba, mu da muka taso a Tudun Wada mun san yadda ake liƙa wa yaro suna a makarantar allo ko a yi wa yarinya waƙar habaici a dandali, amma da an kira magariba kowa ya shige gida shikenan, magana ta kwana a waje.

Ko da salula ta shigo Najeriya a 2001 layi ma sai mai kuɗi, ina yaro ina waya. Abin ya fara lalacewa ne da wayoyi masu kyamara da bulutut, a ɗauki hoton mutum bai sani ba ya yi ta yawo daga Samaru har Kongo, sai manhajar hira ta 2go ta zo, kowa ya buɗe akawun da sunan ƙarya ya zagi wanda ya ga dama. Lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu iyaye da yawa suka sakar wa yara waya wai karatu, to an koma aji amma waya ba ta dawo ba. Yanzu a guruf ɗin WhatsApp na aji ake yi, a mai da hoton yarinya sitika, a cire yaro daga guruf a zauna ana gulmarsa, ko a ɗora shi a TikTok.

Doka kam akwai, Jonathan ya sa hannu kan dokar laifukan intanet a 2015, sashe na 24 ya taɓo barazana da cin zarafi, aka gyara shi a 2024 bayan dogon ƙorafi cewa ƴan jarida ake kamawa da shi. Amma tsakani da Allah wa zai kai ɗan JSS kotu?

A gida ake ganewa. Yaron da waya ba ta barin hannunsa ka ga saƙo ya shigo ya kife ta, barci ya gagara, kullum da safe ciwon ciki don kar ya je makaranta. Mu kuma da mun ji sai faɗa da ƙwace waya, shi ya sa suke ɓoyewa. Wata ƙanwata da abin ya samu ƴarta cewa ta yi kar ta rama kar ta goge, suka yi sikirinshot suka yi bulokin, washegari ta je ta nuna wa malamin ajin aka kira iyayen yaran.