Zaɓen Ɗan Kwikwiyon Labrador don Farauta da Zaman Gida

Labrador nau'in kare ne matsakaicin girma da aka raya a Birtaniya saboda aiki guda ɗaya: ya ɗauko tsuntsun da maharbi ya harbo, ko a ruwa ya faɗa ko a cikin duhuwar ciyawa, ya kawo shi hannun ubangidansa ba tare da ya tauna shi ba. Aikinsa daban yake da na karnukan farauta da aka saba gani a ƙasar Hausa, masu bin zomo ko gada da gudu har su kama. Shi Labrador zama yake yi shiru a gefen maharbi, sai bindiga ta tashi, an kuma ba shi izini, sannan ya tafi. Wannan haƙuri, haɗe da son mutane da sauƙin horo, shi ya shigar da shi gidajen da ba su taɓa riƙe bindiga ba. A rajistar AKC, babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, shi ne na ɗaya shekara 31 a jere, daga 1991 zuwa 2021.

Wanda ke son kare ɗaya ya yi masa farautar agwagi a fadama, da yamma kuma ya kwanta lafiya a tsakanin yara, yawanci yakan ɗauka cewa zaɓe yana faruwa ne ranar da aka zube masa 'yan kwikwiyo a gabansa. Gaskiyar ita ce mafi yawan zaɓen ya riga ya ƙare tun ranar da aka haɗa uwa da uba. Lafiyar ƙashi, taushin baki, son ruwa da natsuwa duk suna bin jini, kuma babu ɗayansu da ido zai tabbatar a jikin ɗan kwikwiyo mai mako takwas.

Asali

Kakannin Labrador karnukan masunta ne na tsibirin Newfoundland da ke Kanada a yau, waɗanda ake danganta su da garin St. John's. Suna taya masunta jawo igiya da taru, suna kamo kifin da ya kuɓuce daga ƙugiya a cikin ruwa mai tsananin sanyi. A farkon ƙarni na 19 jiragen ruwa masu kai busasshen kifi suka riƙa sauke su a tashar Poole da ke kudancin Ingila. Gidan sarautar Malmesbury a Ingila da gidan Buccleuch a Sikotilan su ne suka fi kula da irin. A shekarun 1880 gidan Malmesbury ya ba gidan Buccleuch wasu karnuka, ciki har da biyu masu suna Ned da Avon, kuma daga wannan haɗi ne ake jawo salsalar Labrador na yau. Ƙungiyar masu karnuka ta Birtaniya ta amince da shi a matsayin nau'i mai zaman kansa a 1903, ta Amurka kuma a 1917.

Siffarsa ta aikinsa ce. Gashinsa gajere ne mai hawa biyu, na ƙasa yana tsare ɗumi, na sama yana kore ruwa. Wutsiyarsa mai kaurin gindi ce, da ita yake juya kansa idan yana iyo. Namiji yakan kai kilo 29 zuwa 36, mace kilo 25 zuwa 32.

Jinin aiki da jinin baje koli

A cikin ƙarni na 20 nau'in ya rabu gida biyu, ko da yake a takarda sunansa ɗaya. Masu kai karnuka gasar kyau, wato baje koli, sun fi son mai faɗin kai, mai kaurin jiki da gajerun ƙafafu. Masu farauta da gasar fili, inda ake gwada karnuka a aikin farauta, kuwa sun riƙa zaɓen siriri mai sauri, mai hanci, mai naci. A kasuwa akan kira na farko ɗan Ingila, na biyu ɗan Amurka, amma wannan suna yana ɓatar da mutane, domin kowace ƙasa a cikinsu tana da duka biyun.

Ga mai neman karen farauta da gida, tsakiya ta fi. Ɗan kwikwiyon da iyayensa duka zakarun gasar fili ne na Amurka yana iya zuwa da zafin nama da ya fi ƙarfin wanda ke fita farauta 'yan kwanaki kawai a shekara. Irin wannan kare idan bai sami aiki ba zai nema wa kansa, ya cinye takalma, ya haƙe tsakar gida. Ɗan baje koli zalla kuma yana iya zama mai daɗin zama amma ya yi sanyi a fili. Salon horon Birtaniya yana ba natsuwa muhimmanci ƙwarai: a gasar filinsu karen da ya yi kuka ko ƙugi yana jiran umarni, ko ya ruga kafin a tura shi, ko ya matse tsuntsu da haƙori, fitar da shi ake yi. Waɗannan halaye da ake tacewa a gasa su ne dai ake bukata a gida mai ƙananan yara.

Takardar salsala tana nuna wani abu daga wannan. A Birtaniya haruffan FTCh a gaban sunan kare na nufin zakaran gasar fili, Sh Ch kuma zakaran baje koli. A Amurka FC da AFC na gasar fili ne, JH, SH da MH kuwa matakai uku ne na jarrabawar farauta, daga ƙarami zuwa babba. Taken da ke kan uwa da uba da kakanni na kusa shi ne mai nauyi. Zakara ɗaya tilo can a zuri'a ta biyar ba ya faɗin komai game da ɗan kwikwiyon da ke hannu. Abin da ya fi takarda shi ne a ga uwar da ido: yadda take tarbar baƙo, yadda take ɗauko abin da aka jefa mata, da ko tana iya kwanciya ta huta bayan ta gama.

Lafiyar iyaye

Nan ne mai saye ya fi bukatar tsayawa, domin cututtukan gado na Labrador ba sa bayyana sai an shaƙu da kare, an kashe kuɗi da lokaci wajen horonsa.

Babba a cikinsu ita ce rashin daidaituwar gaɓar ƙugu, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daram a cikin kwaskonsa, sai gaɓar ta riƙa gogewa har ta kai ga ciwon gaɓɓai da ɗingishi. Gwiwar ƙafar gaba ma tana da irin tata matsalar. Ana gane su da hoton ƙashi da ƙwararrun likitocin dabbobi ke dubawa. A tsarin Birtaniya ana ɗaukar hoton daga wata 12, kowane ƙugu ana ba shi maki daga 0 zuwa 53, jimilla 106, kuma ƙarancin maki shi ne alheri. Gwiwa kuma daga 0 zuwa 3 ce, 0 ake so. A Amurka gidauniyar OFA mai tantance lafiyar ƙashin dabbobi, wadda aka kafa a 1966, tana ba da shaidar ƙarshe ne bayan kare ya cika wata 24, kuma cikin matakanta bakwai uku na sama ne kawai ake ɗauka a matsayin lafiyayyen ƙugu. Iyaye masu kyakkyawan sakamako ba su ba da tabbaci ɗari bisa ɗari, saboda ƙwayoyin gado da yawa ne ke haɗuwa a nan, ga kuma tasirin ƙiba da saurin girma, amma suna rage haɗarin sosai.

Akwai wasu cututtukan da gwajin ƙwayoyin halitta ke warware su sarai. Ɗaya tana lalata gani a hankali, ta fara da dundumi ta ƙare da makanta. Wata, wadda ake kira CNM, tana raunana tsoka tun kare yana ɗan watanni. Wadda ta fi shafar maharba ita ce EIC: kare yana cikin aiki mai zafi, bayan minti 5 zuwa 20, sai ƙafafunsa na baya su fara tangaɗi, ya ci gaba da jan jiki yana son kai wa tsuntsun, sannan ya zube. Yawanci yakan farfaɗo cikin rabin awa, amma akan rasa wasu, kuma idan abin ya same shi yana tsakiyar tafki, nutsewa ce. Masu bincike a Jami'ar Minnesota da abokan aikinsu sun gano ƙwayar gadon da ke jawo ta, mai suna DNM1, a 2008. Gadon waɗannan cututtuka uku yana tafiya ne kamar na sikila: mai ɗauke da kwafi ɗaya lafiyarsa lau, amma idan aka haɗa masu ɗauke da ita biyu, kowane ɗa yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya fito da cutar. Saboda haka ya isa a ce ɗaya daga cikin iyayen ba ya ɗauke da ita ko kaɗan. Ban da gwajin jini, ana so likitan ido ya duba karnukan kiwo duk shekara.

Mai kiwo na ƙwarai yakan fito da waɗannan takardu tun kafin a tambaya. Wanda ya ce karnukansa ba su taɓa ciwo ba, don haka bai ga dalilin gwaji ba, barinsa ya fi. A Ingila doka ta hana sayar da ɗan kwikwiyo kafin mako takwas, tun Afrilun 2016 dole a sa masa ɗan guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fata, kuma tun Afrilun 2020 an haramta wa dillalai da shaguna sayar da wanda bai kai wata shida ba, sai dai a saya kai tsaye daga inda aka haife shi ko a karɓa daga cibiyar ceton dabbobi.

Launi da jinsi

Launuka uku ne aka amince da su: baƙi, rawaya, da ruwan ƙasa mai duhu da ake kira cakulan. Launi ba ya ƙara hanci ko basira. Sai dai wani bincike da aka wallafa a 2018 kan bayanan asibitocin dabbobi na Birtaniya ya nuna masu launin cakulan suna rayuwa shekara 10.7 a matsakaici, sauran kuma 12.1, kuma sun fi yawan ciwon kunne da na fata. Ana zaton dalilin shi ne takura kiwo a cikin 'yan karnuka kaɗan don neman launin. Duk mai kiwon da tallarsa ta tsaya kan launi da ba a saba gani ba, kamar ruwan azurfa, akwai alamar ba aiki ne gabansa ba.

Namiji da mace duk suna aiki. Mace takan shiga lokacin neman namiji kusan sau biyu a shekara, na kimanin mako uku, kuma yana iya faɗowa a tsakiyar lokacin farauta. Batun fiɗiya bai kamata a yi gaggawarsa ba: binciken Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya nuna fiɗiye Labrador kafin wata shida yana ninka yawan ciwon gaɓɓai.

Ranar zaɓe

Idan iyaye sun yi, saura duba lafiyar jiki da kauce wa masu wuce gona da iri. Ido ya zama garau babu kwantsa, kunne babu wari, ciki bai kumbura da tsutsa ba, cibiya ba ta ɓullo ba, haƙoran sama na gaba su ɗan rufa kan na ƙasa. A tambayi takardar maganin tsutsa da ta rigakafin farko.

Maharba suna da ɗan gwaji mai sauƙi. A ware ɗan kwikwiyo shi kaɗai a wani siririn lungu, a kaɗa masa naɗaɗɗiyar safa ko fiffiken tsuntsu a gaban hancinsa, a jefa ta taku uku ko huɗu. Wani zai ruga ya cafke, ya juyo yana kaɗa wutsiya, ya zo ya hau cinyar mai jefawa da safar a baki. Wani zai ɗauka ya nemi ƙarƙashin kujera ya kwanta yana tauna. Wani kuma kallo kawai zai yi. Na farkon ake so, kuma jifa biyu ko uku sun isa. Ana kuma tafa hannu daga nesa: firgita ba laifi ba ce, abin dubawa shi ne ko zai dawo ya bincika. Wanda ke maƙalewa a kusurwa yana rawar jiki, da wanda ke danne 'yan uwansa yana cizon duk hannun da ya zo, dukansu sun fi dacewa da gogaggen mai horo fiye da gida mai yara.

Kada a ɗora wa wannan gwaji nauyin da ya fi ƙarfinsa. Bincike a kan karnukan aiki ya nuna halin ɗan mako bakwai ko takwas ba ya nuna halin babba sai kaɗan, kuma wanda ya ƙi safa yau mai yiwuwa barci yake ji. Mai kiwon da ya zauna da su tun haihuwa ya fi baƙon awa ɗaya saninsu, shi ya sa da yawa daga cikin masu kiwo su ke zaɓar wa kowane gida wanda ya dace da shi.

Watannin farko

Daga mako uku zuwa kusan goma sha biyu ne ɗan kwikwiyo ke koyon abin tsoro da abin sabo. A wannan lokaci ake gabatar masa da yara, mota, ruwa marar zurfi da ƙarar gida, a hankali, tare da kiyaye shi daga wuraren da baƙin karnuka ke kashi har sai ya kammala rigakafi, na haukan kare kuma a lokacin da likita ya tsara. Bindiga ba a harba ta kusa da shi don a gwada jarumtarsa. Ana farawa ne da ƙaramar ƙara daga nesa yayin da hankalinsa ke kan abin da yake ɗaukowa, domin tsoron bindiga idan ya shiga, fitarsa da wuya.

A gida ne ake yawan ɓata karen farauta ba da niyya ba. Yaro ya ga takalminsa a bakin kwikwiyo, ya bi shi da gudu, ya fizge da ƙarfi: kare ya koyi gudu da abin da ya ɗauka, ya kuma koyi damƙewa. Dokar gida ita ce a tsuguna a kira shi, a yaba masa, a karɓa a hankali, kuma a bar wasan ja-in-ja.

Labrador bai san ƙoshi ba. A 2016 masu bincike a Jami'ar Kambirij suka gano kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'in suna da naƙasu a ƙwayar gado ta POMC mai daidaita yunwa. Wani dogon bincike da aka wallafa a 2002 ya bi Labrador 48 tsawon rayuwarsu: waɗanda aka rage wa kashi 25 cikin 100 na abinci sun kai shekara 13 a matsakaici, sauran 11.2, kuma ciwon gaɓɓai ya yi jinkirin kama su. Ma'aunin da ake bi shi ne a ji haƙarƙari da tafin hannu ba tare da an danna ba. A ƙasashe masu zafi ƙiba da gashi mai hawa biyu suna haɗuwa su zama haɗari, don haka horo da aiki sai da sassafe ko bayan la'asar, da inuwa da ruwa a kusa, sannan a riƙa duba kunne da tsakanin yatsu saboda kaska duk lokacin da ya dawo daga daji.