Mene ne aikin sa-kai a gidan tarihi?

A Katsina ta yau, in aka ce ɗan sa-kai, hankalin mai sauraro yakan tafi ne ga matasan da ke sintiri a ƙauyuka saboda matsalar tsaro. Amma kalmar ta fi haka faɗi. Ɗan sa-kai shi ne duk wanda ya sa kansa cikin wani aiki na amfanin jama'a, ba wanda ya tilasta masa, ba kuma albashi yake jira a ƙarshen wata ba. Akwai su a asibiti, akwai su a masallaci ranar Juma'a, akwai su cikin 'yan agaji. Wanda nake son yi wa bayani shi ne wanda ba mu saba da shi ba sosai: ɗan sa-kai na gidan adana kayan tarihi da zane-zane, irin manyan gidajen nan na biranen duniya.

Babban gidan zane-zane, kamar Metropolitan na birnin New York da aka kafa a 1870, ma'aikata ce sukutum. Akwai masana da ke zaɓen abin da za a baje, su yi bincike a kansa, su rubuta ɗan bayanin da ake liƙawa a gefensa. Akwai masu gyaran kayan da suka tsufa, waɗanda aikinsu rabi kimiyya ne rabi sana'ar hannu. Akwai masu rajistar kaya, da ke sanin inda kowane abu yake, daga ina ya zo, wa aka ara wa. Ga masu gadi, ga masu sayar da tikiti, ga sashen ilimantarwa. Duk waɗannan ma'aikata ne masu albashi. 'Yan sa-kai suna shigowa ne a gefen da gidan ke haɗuwa da jama'a: tarbar baƙi a bakin ƙofa, nuna hanya, taimakawa a ɗakin karatu, kula da yara ranar da aka shirya musu wani abu. Mafi daraja a cikinsu shi ne mai zagayawa da baƙi yana yi musu bayani, wanda a Amurka ake kira dosent.

Wannan aiki na jagora ya haura shekara ɗari. Gidan zane-zane na birnin Boston ne aka fi ambata da fara shi a 1907, bayan shugabanninsa sun lura cewa mutum zai shigo, ya bi ɗaki ɗaki, ya fita bai ƙaru da komai ba, don ba wanda ya tsaya ya ce masa dubi nan, ga abin da mai zanen ya yi. Daga baya aikin ya koma hannun 'yan sa-kai a gidaje da dama, yawancinsu mata da tsofaffin malaman makaranta.

Inda mutane suka fi kuskuren fahimta shi ne ɗaukar sa-kai a matsayin aikin ganin dama, yau ka zo gobe ka ƙi. Ba haka ba ne. Ana cika takardar nema, a yi wa mutum tambayoyi, a binciki halinsa musamman in zai yi hulɗa da yara. In an ɗauke shi sai horo, wani wurin na makonni, wani wurin fiye da shekara. Zai karanta tarihin kayan, ya bi wani gwani yana kallon yadda yake yi, sannan a sa shi ya gwada a gaban masu duba shi. Bayan nan yana da ranarsa da lokacinsa, kuma in motar ɗalibai ta iso ƙarfe goma, dole a same shi a tsaye. Kusan kamar gayya ne: ba a biyan kowa, amma wanda ya amsa zai zo ya kuma ƙi zuwa ya bar kunya a gonar mutane.

Yana da iyaka kuma. Ba ya taɓa kayan da aka baje, ba ya ɗaga su, ba ya faɗa wa baƙo kuɗin da wani abu zai yi a kasuwa, ba ya magana da 'yan jarida da sunan gidan. Abu mafi nauyi a kansa shi ne gaskiyar bakinsa. In yaro ya tambaye shi abin da ba a tabbatar ba, ba zai ƙaga labari don ya burge ba, domin abin da aka ji a gidan tarihi ana ɗaukarsa da muhimmanci, ana kai shi gida, wani ma ya rubuta shi a jarrabawa.

Ya kamata a bambanta shi da wasu biyu da ake haɗa su da shi. Ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki yana neman ƙwarewa ce don kansa, na ɗan lokaci, sau da yawa makarantarsa ce ta turo shi. Ɗan bautar ƙasa kuwa doka ce ta kawo shi, tun da aka kafa shirin a 1973, kuma yana karɓar alawus. Ɗan sa-kai na iya barin aikin duk ranar da ya so in ya sanar, amma akan sami wanda ya shekara goma ko ashirin yana yi.

Me ya sa gidajen suke buƙatarsu haka? Saboda abin da ake kira shirye-shiryen jama'a, wato duk abin da gidan ke tsarawa bayan baje kaya a bango da cikin gilashi. Ziyarar makarantu, lacca da yamma, zaman koyon zane ko ginin tukwane, ranar iyali, kiɗa a zauren gidan. Wasu gidajen suna shirya wa makafi zagaye na musamman da ake ba su damar shafa wasu sassaƙe-sassaƙe. Gidan zanen zamani na New York, wato MoMA, ya fara wani shiri a 2006 domin tsofaffi masu ciwon mantuwa da waɗanda ke jinyarsu, su zo su zauna gaban zane su yi hira a kansa. Irin waɗannan suna cin hannu da yawa, ma'aikata kaɗai ba za su iya ba. Majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, da ta sabunta ma'anar gidan tarihi a taronta na birnin Prague a 2022, ta sa shigar al'umma cikin aikin a cikin ma'anar kanta.

Sai dai akwai gardama mai zafi a kan lamarin, kuma ina ganin ya kamata mu san ta tun kafin mu kwaikwayi kowa. A 2021 babban gidan zane-zane na birnin Chicago ya sallami jagororinsa na sa-kai su sama da 80, mutanen da aka ba horon wata 18 kafin su fara, da niyyar maye gurbinsu da malamai na wucin gadi da za a riƙa biya. Hujjar gidan ita ce mai iya ba da ranakunsa kyauta shekara da shekaru mai abin hannu ne, don haka jagororin ba su yi kama da yaran birnin da ake kawo musu ba. Waɗanda suka fusata kuma suka ce an watsar da ilimi da sadaukarwa na shekaru a dare ɗaya. Ni a ganina kowanne ɓangare yana riƙe da wani abu na gaskiya. Aikin da ya cancanci albashi bai kamata a laƙaba masa sunan sa-kai don a guje wa biya ba, kuma a ƙasa irin tamu da matasa masu digiri ke zaune ba aiki, wannan haɗarin ya fi kusa da mu fiye da Chicago. Duk hukumar da za ta nemi 'yan sa-kai, ko ba komai ta biya musu kuɗin mota, ta ba su horo na gaske da takardar shaida, kada kuma ta sa su a kujerar ma'aikacin da ya kamata ta ɗauka.

A nan gida abin nunawa bai yi mana kaɗan ba. Akwai gidan tarihi na ƙasa a Katsina, ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi da aka kafa a 1979. Ga hasumiyar Gobarau. Ga tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin makarantar ta koma Kaduna, daga can Zariya, ta zama Barewa. Ga kaburburan Durɓi-ta-kusheyi a ƙasar Mani, da aka haƙa a 1907 aka sake haƙawa a 1992, har aka kai kayan da aka samu birnin Mainz na Jamus aka gyara su. A Daura ga rijiyar Kusugu, wadda ɗalibai ke zuwa gani daga jihohi daban-daban. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da aka horar su tsaya su yi bayani da Hausa mai daɗi, su kuma raba wa yaro abin da yake labarin kaka da kakanni da abin da masu haƙa suka gano a ƙasa, ba tare da sun raina ko ɗaya ba.

Kuma zane a wurinmu ba sai na kan takarda ba. Tsohon maɗinki da ya san bambancin aska biyu da aska takwas a gaban riga, da yawan watannin da ɗinkin hannu ke ci, jagora ne da ba littafin da zai maye gurbinsa. Haka magini da ya iya zayyanar bango, da baduku, da mai sassaƙa ƙwarya, da tsohuwar da ta yi rayuwarta tana kaɗi. Malamin tarihi da ya yi ritaya zai iya ba da safiyar Asabar ɗaya a wata. Ɗalibar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa za ta iya zagayawa da 'yan matan sakandare, waɗanda sau da yawa sukan fi sakin jiki su yi tambaya in mace ce a gabansu.

Mai sha'awa ya je gidan tarihin da ya fi kusa da shi ya nemi jami'in sashen ilimantarwa, ya faɗi abin da ya sani da ranakun da yake da sarari. Lokacin da ya fi dacewa shi ne 'yan makonni kafin 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya da ake yi tun 1977, domin a lokacin ne makarantu ke yawan kawo ɗalibai, ma'aikatan kuma suke neman ƙarin hannu.